Baƙar Tsakuwar Ntate Phakiso

Ƙarfe shida na safe Ntate Phakiso, wato Baba Phakiso, yake buɗe ƙofar masaƙar nan ta gefen Maseru, da bargonsa a kafaɗa. Ya duba kwaɗo ɗaya bayan ɗaya, ya gaisa da mata masu ɗinki da ke tururuwar shiga, sannan ya zauna a bencinsa. Shekara ashirin da uku yana shugabantar masu gadi tara. A ƙarshen Nuwamba ya ajiye aiki, ko kwalbar lemo ba a buɗe masa ba. Abin nan ya ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Idan Disamba ta kama, masaƙa takan rufe, kowa ya nufi ƙauyensu can cikin duwatsu, a yanka tunkiya, a sha lemon citta. Amma dole mutum ɗaya ya wuni da ƙofa ranar Kirsimeti. Sai Ntate Phakiso ya kawo dabarar ƙuri'a: tsakuwa goma a cikin malfarsa, tara farare, ɗaya baƙa. Kowa ya zura hannu, shi ne na ƙarshe. Kuma duk shekara, baƙar a hannunsa take ƙarewa.

"Ntate, wa ka saɓa wa ne?" in ji Tankiso, mai gadin da bakinsa ba ya shiru. "Da wannan sa'ar taka, ko saniya ka saya sai ta ƙi ba da nono!"

"Wuce, sarkin surutu, kafin motar Mokhotlong ta cika. Ka gaida mahaifiyarka."

An daɗe ana wannan dariyar, har aka ɗauki Puleng aiki, mace mai ido kamar na shaho. Wata shekara, bayan an watse, ta tare shi a bayan ɗakin gadi.

"Ntate, na leƙa malfar kafin a fara. Farare tara ne kawai. Baƙar tana tafin hannunka tun farko. Ashe maguɗi kake yi mana!"

"Rufa mini asiri, 'yata. Su suna da ƙananan yara. Babba ai juji ne."

Ntate Phakiso, kai ne ka san cewa in ka ce musu su tafi, kunya za ta hana su, sai ka bar su suna yi maka dariya suna tafiya da zuciya fes. Kai ne mai cin tuwon masara mai sanyi a bakin ƙofa, gari tsit, sai ƙarar ƙararrawar coci daga nesa. Bango madafar bayi, ba ka taɓa gori ba.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ci masa gida. Matarsa 'Malimpho takan rufe masa kwanon nama duk shekara, har ta rasu bai taɓa cin sa da zafi ba. 'Yarsa Limpho, da ke aure a Bloemfontein, ta gaji ta ce masa, "Ƙofar masaƙa ka aura, ita za ta yi maka Kirsimeti." Tun daga nan wayarta ta yi wuya.

Bana Puleng ce shugaba. Ta nemi baƙar tsakuwa ƙasa da sama ba ta gani ba, sai ta sallami kowa, ta ɗauki gadin da kanta. Da safiyar Kirsimeti, sai ga tsoho yana takowa a hankali da bargonsa. Ya buɗe mata tafin hannu, ga baƙar tsakuwar a ciki.

"Ƙuri'a ta faɗa kaina," ya ce.

"Haba Ntate, ka fa ajiye aiki!"

"Tsakuwar ba ta samu labari ba. Tafi, yaranki suna jira."

"Kai fa, wa ke jiran ka?"

Ya kaɗe ƙurar bencinsa, ya zauna. Puleng ta ce mini har ta isa gida tana kuka.

Mun gode, Ntate Phakiso. Allah ya saka maka, ya sanyaya zuciyar Limpho. Ku masu riƙe da jama'a, ku koyi ɓoye baƙar tsakuwa a hannunku. Ku kuma su Tankiso, da kuka yi shekara da shekaru kuna cin nama a gaban iyayenku, yau kun san wanda ya tsaya muku. Ɗakinsa na nan bayan tashar mota, ƙofar ba ta da kwaɗo. Kada ku jira Disamba.