Abin da ya tsayar da tayar baya

Yayana ya sayi babur ɗinsa bayan shekarun fari, da fataucin fata ya ɗan miƙe masa. Daga Kano aka kawo shi, ja ne, mai ƙarar tsiwa, yana fitar da shuɗin hayaƙi. A zauren gidanmu na Magarya babur ɗin yake kwana. Ni a lokacin na wuce shekara ashirin, ina noma, da rani kuma in bi kasuwanni da wake, amma Yaya bai taɓa bari na hau shi ni kaɗai ba. Mutum ɗaya ya yarda ya sa masa hannu: taubashinmu, ɗan gwaggonmu, bakanike mai rumfa a bayan tasha.

Wasan taubasai tsakaninsu ba ya ƙarewa. Ana gobe kasuwar Sassumbrum na raka Yaya rumfar don a ɗaure masa birki a ja sarƙa. Taubashi yana tsugune da sufana a hannu ya ce, "Kai bawana, ka yi wasiyya tun yanzu. Ran da wannan jakin ƙarfe ya kayar da kai, ni ne magaji."

Yaya ya ce, "Kai da ko keke ba ka da shi? Gyara mini birki, maƙerin banza."

"Zan gyara maka shi yadda ba za ka sake dawowa ba."

Duk mutanen rumfar suka yi dariya, har da ni.

Washegari da safe, Yaya yana ciki yana shan koko, na yi wani abu da nake ganin kyauta ce. Dama na taho da jarkar isansi, wato fetur, daga Mallawa, irin wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. Na buɗe tanki na ga ya kusa ƙafewa, na cika shi taf, na rufe, na tura jarkar bayan ƙofar zaure. Da ya fito ya girgiza babur ɗin ya ji nauyi, sai ya ce, "Yau kuma taubashin nan ne ya cika mini tanki? Lalle ruwa zai sauka da rani." Na yi murmushi, na ce a raina sai ya dawo daga kasuwa in gaya masa.

Kafin azahar aka kawo shi a amalanke. Bai kai likita da rai ba. Mai amalanken, wani dattijo da ke bayansa a hanya, ya ce babu rami, babu akuya, babu kowa. "Yana tafiyarsa lafiya, sai tayar baya ta tsaya cak, kamar an riƙe ta. Babur ya juya, shi kuma ya sauka da kai."

Tun a wurin zaman makoki wannan magana ta zauna mini. Tayar baya ta tsaya. Me ke tsayar da taya in ba birki ba? Wa ya taɓa birki jiya? Na ɗaga kai na nemi taubashi, na gan shi a ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa. Da muka haɗa ido ya kawar da nasa.

Kwana uku bai cika ba ya zo ya ce da Baba zai ɗauki babur ɗin ya ajiye a rumfarsa, kada Inna ta riƙa ganinsa a zaure. Baba ya ce ya kyauta. Ni ban ga kyautawa ba. Na ga mutumin da ya ce shi ne magaji ya zo ɗaukar gadonsa tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

Na fara zagayawa ta bayan tasha ba tare da wani dalili ba. Ran nan da hantsi na hango taubashi ya kwance tankin, ya kai bayan rumfa yana tuttular da isansin cikin rairayi, yana waige-waige. A garin da ake tattalin ko rabin kwalba, ban taɓa ganin mai hankali ya zubar da isansi ba. Wata rana kuma na same shi ya warware injin a kan buhu, da ya ji sallamata ya ja wani buhun ya rufe.

Na ce, "Me ka gani a ciki?"

Ya ce, "Ƙarfe."

"Ina nufin me ya kayar da shi."

"Kwanansa ne ya ƙare, ƙanena. Ka bar tone-tone."

Bai taɓa ce mini ƙanena ba. Tun ina yaro bawa nake a bakinsa, ko ɓarawon gyaɗa. Ya daina tsokanata gaba ɗaya, ya koma yi mini magana a hankali kamar mai jinya. Wannan ma na sa shi cikin abin da nake tarawa a kansa. Na tuna wata gardama da suka taɓa yi da Yaya kan iyakar gonar kakanmu, wadda kowa ya manta, na tono ta na ajiye kusa da sauran.

Ban iya riƙe abin ni kaɗai ba, na gaya wa Inna. Na jera mata komai: wasan wasiyya, birkin, zubar da isansi, buhun da ya rufe. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Amma daga ranar ta daina aika tuwo gidan Gwaggo, kuma da Gwaggo ta zo sadakar arba'in, gaisuwar da Inna ta yi mata ba ta wuce wadda ake yi wa baƙo ba. Gwaggo ta tafi tana share ido. Ni kuwa har na fara tunanin kai ƙara wurin jandarma. Abin da ya hana ni, ba ni da komai a hannu sai zato.

Da aka raba gado babur ya faɗo a rabon Baba, shi kuma ya ce in ɗauka. Na je rumfa na ce a haɗa mini shi yadda yake, kada a canja ko ƙusa ɗaya. Taubashi ya ce, "Bari in sa masa sabon fistan tukuna, ba zai tashi haka ba."

Na ce, "Ba tashinsa nake so ba."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya haɗa shi, ya miƙo mini.

Na ɗora shi a motar kasuwa na kai Dungas, wurin wani tsohon bakanike da bai san mu ba. Ban gaya masa an mutu a kai ba. Na ce dai tayar baya ce ta tsaya ana cikin tafiya, ina so ya duba mini birki. Ya kwance tayar, ya duba, ya taka, ya saki.

"Wanda ya ɗaure birkin nan ya san aikinsa. Ba shi ba ne."

Ya buɗe injin, ya ciro fistan ɗin da ƙyar, ya nuna mini gefensa duk ya kakkarce ya yi baƙi. Ya shafa yatsa a ciki ya nuna mini yatsan a bushe.

"Samari, wa ya shayar da shi isansi zalla? Irin wannan inji ba shi da wurin mai daban. A cikin isansin ake zuba masa man inji a girgiza, shi ne melanji. In babu mai, zai yi ta gudu har ya yi zafi, fistan ya kama, taya ta tsaya."

Na ce, "Ai a Magarya daga kwalba ake zuba masa kai tsaye."

Ya yi dariya. "Masu kwalba sun riga sun haɗa, don sun san masu babur. Na jarka da ke ƙetarowa daga Najeriya na mota ne, babu ko ɗigo a ciki. Mai shi bai faɗi ba dai ko?"

Ban tuna abin da na amsa masa ba. Na tuna na zauna a kan wata tsohuwar taya, ya kawo mini ruwa a kwano, ya ce ko rana ce ta buge ni.

Da na dawo Magarya ban shiga gida ba, na wuce bayan tasha. Taubashi yana faci. Na tsaya a kansa na ce, "Na je Dungas."

Bai ɗago ba. "Na san can za ka."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ran da na buɗe tanki na ji isansin a yatsa. Da na zo ɗaukar babur kuma na ga jarkarka a bayan ƙofa."

"Ka bar ni wata huɗu ina kallonka da jininsa. Ka san abin da na gaya wa Inna?"

"Na sani. Uwata ta yi kuka a kai." Ya ajiye tiyub ɗin. "Innarku ta binne ɗa guda. Ni ɗan wani ɗaki ne, in ta ƙi ni za ta iya cin abinci. In kai ne fa? Ka rufe bakinka, mu tafi a haka."

Na ce ba za mu tafi a haka ba. Ya kama hannun rigata, na zame.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata daga jarka har zuwa Dungas, ban rage komai ba. Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Sannan ta tambaye ni abu ɗaya.

"Yayanka ya san kai ka zuba?"

Na ce bai sani ba.

Ta ture faifan gefe, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi. Ban san inda za ta ba. A ƙofar zaure ta juyo.

"Tashi ka wuce gaba. Gidan gwaggonka za mu, kai za ka yi sallama."