Tuwon Rami da Mataccen Tauraro

A gidanmu na Mawashi, da an idar da sallar isha'i sai Iya, mahaifiyar babanmu, ta jawo tabarmarta kusa da murhu. Ba ta barin wutar tuwo ta mutu. Takan tura kara biyu ko uku, ta binne dankali a cikin toka, ni da ƙanwata Bilki mu zauna muna jiran abu biyu: dankalin da kuma tatsuniya. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika, kuma kullum sai ta ce na cika ci ba na kawo cefane.

Shekarar da babanmu ya rasu, tatsuniya ta ɗauke a gidan. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Kankia, bai dawo ba. Inna, mahaifiyarmu, ta gama takaba amma ta ƙi fitowa daga ɗaki. Za a kai mata tuwo, a dawo da kwanon kamar yadda aka kai shi. Ta rame har awarwaronta yana zamewa daga hannu. 'Yan'uwanta suka zo daga garinsu Ƙofa suna maganar tafiya da ita, mu kuma a bar mu. Na ji wannan maganar ta bayan zana, na kasa gaya wa Bilki.

Wani maraice na sanyi, ba zato, Iya ta ja tabarmarta, amma wannan karon ta shimfiɗa ta dab da ƙofar ɗakin Inna.

"Maigida, kira ƙanwarka. Wata tatsuniya ta biyo hanya, tana neman masauki."

Muka ce ta sauka mu ji ta.

Ta ce an yi wata mata da mijinta ya faɗa wani rami a bayan gari, rami marar ƙarshe. Kullum in ta yi tuwo sai ta raba biyu, ta kai rabi ta zuba a ramin. Daga baya ta koma zuba duka. Ramin bai cika ba, bai kuma ce an gode ba. Ta zuba hatsin rumbu, ta zuba zannuwanta, 'ya'yanta suna kallo da yunwa. Rannan wata tsohuwa mai kiwon awaki ta same ta a bakin ramin.

Nan Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Tsohuwa ta ce mata, ɗiyata, mi kike ba shi? Wanda ke ciki ba ya cin tuwo. Addu'a yake ci. Tuwo na masu baki ne, ga su can kin baro su gida."

Bilki ta tambaya ko matar ta daina. Iya ta ce ba ta sani ba, tatsuniyar a nan ta tsaya. Na ji haushi ƙwarai, don ban taɓa jin tatsuniyar da ba kura, ba waƙa, ba ƙarshe ba. Ta tono dankali ta raba mana, muka je muka kwanta.

Inna ba ta tafi Ƙofa ba. A hankali ta fara fitowa tsakar gida, ta koma daka, ta koma yi mana faɗa. A lokacin ban haɗa wannan da wancan ba. Yaro ne ni, na ɗauka ciwo ne ya zo ya wuce.

Yanzu a jami'a nake, ina bincike a kan taurari. Akwai wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wasu abubuwa a sama suna fitar da shi, amma iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi, shi ya sa ake ɗora na'urorin hangensa a kan tauraron ɗan'adam, su riƙa kewaya duniya suna turo abin da suka gani. Aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta in karanta saƙon nan. Abin da na fi bi shi ne taurari biyu masu kewaya juna, ɗaya ya mutu ya dunƙule, ɗaya yana raye. Mataccen yana jan iskar jikin mai ran, tana zuba masa tana ɗaukar zafi har ta fitar da wannan haske. Da shi muke gane cewa akwai matacce a wurin. Mai ran kuwa raguwa yake yi.

Na daɗe ina wannan aiki ban tuna komai ba. Sai wata rana ina yi wa ɗalibai bayani, na ji bakina ya ce, "yana zuba masa, ba ya cika." Na tsaya, alli a hannu. Sai a ranar na gane dalilin da ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna.

Da na je gida hutu, na sauka Kusada na hau babur zuwa Mawashi. Iya ta riga ta rasu da daɗewa. Na sami Inna tana tsince wake, na tambaye ta ko ta ji tatsuniyar nan.

Ta ce, "Na ji mana, Sada. Ai ba don ku aka yi ta ba."

Na ce to don ita aka yi ke nan. Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "Da asuba na fito na sami Iya zaune, kwanonta a rufe ba ta taɓa ba. Ashe ita ma ta daɗe ba ta ci, ba wanda ya lura. Na ɗumama tuwon muka ci tare."

Ni da nake alfahari da gano abin da ido ba ya gani, shekaru na yi ina tuna matar da ta rasa miji. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa mai ba da tatsuniyar ɗanta ta binne ba.