Sabon Takalmin Roba a Bayan Kona

Wani mai kamfani yana tsaye bakin magudanar da kamfaninsa da gwamnati suka haƙa wa manoman rani a bayan garin Kona, sanye da takalmin roba sabo fil, ko takardar kanti bai ɓare ba. Tun bara magudanar a bushe take, shi ya sa ya zo da tankar ruwa aka juye. Ya tsuguna yana taɓa ruwan da yatsa biyu, mai hoto yana ɗauka. Ina jin ko fulawar gidansa mai gadi ke ba ruwa.

Wata tsohuwa da shinkafar gonarta ke ƙonewa a gefe ta matso da bokiti.

"Mama, ɗan dakata, kina shiga hoton," in ji mai kamfanin.

Ta dakata. Kafin ya gama murmushi, ƙasa ta shanye ruwan.