Inna Mai Wanki da Yatsan 'Yata

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Inna Mai Wanki ta riga ta cika bahonta uku a bayan ɗakin yara, ɗaya na wanki, biyu na ɗauraya. Zannuwan gado inji take bai wa. Amma kayan jarirai, musamman rigunan nan masu haɗe da wando har tafin ƙafa, da hannunta take wankewa. Kowace sai ta juyo cikinta waje, ta cusa yatsa har ƙarshen ƙafar, ta ja maɓallan ɗaya bayan ɗaya ta ji ko akwai mai girgiɗi. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ban ji ana shirya mata wani taro ba.

Na san ta ne ranar da na kai 'yata asibitin, tana da wata uku. Tun hantsi take tsala kuka, ta ƙi nono, ta ƙi goyo. Likita ya ɓalle mata riga daga wuya zuwa cibiya, ya danna ciki, ya saurari ƙirji, ya leƙa kunne. Babu zazzaɓi. Ya ce a ɗebi jini. Har rana ta take sakamako bai fito ba, muryar yarinyar ta dushe, babanta na ta kai-komo a baranda.

A lokacin Inna ta shigo kwasar zannuwa. Ta tsaya a ƙarshen gadonmu da ƙunshin wanki a kafaɗa, ta ƙura wa ƙafafun yarinyar ido.

"'Yar nan, cire mata rigar gaba ɗaya."

Na ce, "Inna, likita ya duba ta. Rigar kuma mai laushi ce, jiya na wanke."

Nas ɗin da ke tsaye da fayil ta ce, "Inna, ki kwashi kayanki, aiki muke."

Inna ko gezau. "Zan tafi, sista. Amma ƙafar hagu kaɗai take naɗewa, kuma da an taɓa wajen sai ta sanƙare. A fito da ƙafar in gani."

Na zare rigar. Yatsan da ke kusa da babba ya kumbura ya ninka 'yan'uwansa, ya yi baƙi ƙirin a kai. A gindinsa wani siririn layi ya nutse cikin nama. Silin gashi ne ya maƙale a cikin ƙafar rigar, ya nannaɗe yatsan kamar an ɗaure da gangan.

Nas ta yar da fayil ta fita da gudu. Likita ya dawo da hantsaki da 'yar wuƙar aiki. Kumburin ya haɗiye gashin, sau biyu yana kamo shi yana tsinkewa. Inna ce ta riƙe ƙafar, ni na kasa. Da ya zaro na ƙarshe sai ya ce, "Yanzu jira ya rage. In jini bai dawo ba, sai ɗakin tiyata." Ban tambaye shi me za a yi a can ba. Na sani.

Kusan minti arba'in muna zaune muna kallon yatsan. Wankin Inna na jiƙe a baya, ba ta tashi ba. Can sai baƙin ya fara washewa, ja ya biyo baya a hankali har gindin farce. Yarinyar ta kama nono.

Gashin nawa ne. Tun da na haihu yake zuba, kuma tare nake wanke kayanta da nawa. Na fashe da kuka. Inna ta ce, "Share idonki, wa ya taɓa gaya miki? Daga yau bahonta daban. Ki juya riga kafin wanki, ki sake dubawa kafin ki sa mata. In za ki saya, nemi auduga zalla, ki shafa ɗinkin ciki a kumatunki, in ya soke ki to ita ya fi sukarta. Mai igiya a wuya ko duwatsun ado, ko kyauta aka ba ki, ki bari. Kuma da yatsunta sun tokare ƙarshen ƙafar, rigar ta gama aiki, komai kyanta."

Daga baya nas ɗin nan da kanta ta ba ni labarin yadda Inna ta yi sati tana jayayya da mai kula da sito kan wani garin sabulu mai ƙamshi da ke feso wa jarirai ƙuraje, har aka yi mata barazanar canja mata wurin aiki. Ba ta janye ba sai da aka canja sabulun.

Inna, ke ce mai ganin abin da ya fi ƙarfin idon masu sauri. Sunanki ba ya cikin fayil ɗin 'yata, amma yau tana aji biyu, ba wanda ke kamo ta a guje. Ruwa da sabulu sun tsattsage miki hannu a kan 'ya'yan da ba su san fuskarki ba. Na gode, Allah ya huta gajiyarki.

Mu kuma da muka rage, iyaye da ma'aikata, mu koyi tsayawa irin tata: in mun ga abin da bai yi daidai ba a jikin yaro, mu faɗa, ko da an ce ba aikinmu ba ne.