Mai Fenti da Innar Yara

Mahaifina fentin mota ya yi har ya tsufa. A layinmu Mai Fenti kowa ke ce masa, har yaran da aka haifa bayan ya bar sana'ar. Garejinsu yana bayan tashar mota, doguwar rumfar kwano ce wadda daɓenta ya sha launi iri-iri har ba a gane siminti. Muna yara, in ya dawo da yamma, a farcensa muke gane kalar motar da ya fesa ranar. Mutum ne marar yawan magana, sai fa in an taɓo zancen launi, nan kam sai ka nemi wurin zama.

Tari ne ya raba shi da gareji. Likita ya ce ƙirjinsa ya shaƙi iya abin da zai ɗauka, in yana son ya ga jikokinsa sun girma to ya ajiye injin feshi. Ya ajiye ya dawo gida, zaman kuwa bai karɓe shi ba. Inna ta ce ita mai fita da safe ta aura, ga shi an musanya mata da wani mai bin ta daga kicin zuwa tsakar gida yana tambayar me ya sa ba a rufe tukunya ba.

Ita kuwa Inna ba ta zubar da komai. Akwai wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen gidan da ta cika da tsofaffin kwanukan da suka ɓare, da butar ƙarfe mai yoyo, da gwangwanayen madara, da kujera mai ƙafa uku, har da gargaren keken yayana na lokacin makaranta. In muka yi mata tsiya sai ta ce ajiya maganin wata rana, mu dai mu ji da gidajenmu.

Ba mu gane da wuri cewa idonta yana tafiya ba, don ta iya ɓoyo. Ni tela ce, shagona ba nisa da gida, sai ta fara aiko mini da ɗinkin da a da ita ke yi da hannunta, wai don in samu lada. Ta ce ƙwan lantarkin zamani ba shi da haske. Wata rana ta gaida rigar Baba da ke shanye a igiya, ta ɗauka maƙwabciya ce ta shigo, muka yi ta dariya har da ita.

Ranar da dariya ta ƙare ina gidan da safe. Ta haɗa mana shayi, na kurɓa, na furzar a ƙasa, don gishiri ne zalla. Inna ta tsaya da cokali a hannu. Baba kuwa ya ɗaga kofinsa ya shanye tas, ya goge baki, ya ce yau shayin ya yi ƙarfi yadda yake so. Daga nan ya miƙe ya nufi ɗakin tarkacen Inna.

Gwangwanin madara biyu ya fito da su. Ya wanke, ya kankare tsatsar, ya aika aka sayo masa fentin ruwa da burushi saboda ƙirjinsa. Ɗaya ya yi masa ja wur ya zuba sukari, ɗaya shuɗi ya zuba gishiri. Da ya jera su a kan kanta sai ya ce wa Inna zaman banza ne ya ishe shi, ta bar shi ya rage zafi da kayanta. Ta ce ai ga amfanin ajiya nan, yara su zo su gani. Babu wanda ya ambaci ido a cikinsu.

Mu muka matsa aka je asibiti. Likitar ta ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, aikin tiyata ne zai cire ta, amma sai hawan jinin Inna ya sauka tukuna. Inna ta ji daɗin wannan sharaɗi, don tsoron aikin take yi. Ta ce ido ba riga ba ce da za a farke a sake ɗinkewa. Ko bayan jinin ya daidaita sai ta riƙa ƙirƙiro dalili, yau sanyi, gobe baƙi.

Baba bai taɓa yi mata faɗa a kan haka ba, ya dai ci gaba da shiga ɗakin nan yana fitowa da abu. Kujerar nan ya yi mata ƙafa da guntun bututu, ya shafe ta da kore, ya ajiye ta inda Inna ke zama ta tsinci shinkafa. Dokin ƙofar da take yawan tuntuɓe da shi ya zama ruwan ɗorawa. Gargaren keken ya rataye shi a kicin, ya lanƙwasa waya ya yi ƙugiyoyi, kowane ludayi da kalar mariƙinsa. Butar mai yoyo ya cika ta da ƙasa ya shuka na'ana'a, ya ajiye ta daidai kwanar da ake bi zuwa banɗaki, don ƙamshin ya gaya mata inda za ta juya. Kuma da yake hannu ya saba, bai iya barin abu haka kawai ba, sai ya zana fure ko ganye ko tsuntsu. Furanninsa ba laifi. Tsuntsayen ne dai duk suke kama da motar haya, masu faɗin goshi da gajeren wuya, yayana ya ce saura lamba kawai a manna musu.

Da damina ta wuce, launin ma ya fara gagarar Inna. Wata rana sai ga Baba a shagona, mutumin da bai taɓa tako shi ba tun ranar da na buɗe. Ya zauna a benci yana ta duban bango, ya ce fentin wurin ya kusa neman sabo, ya tambayi aiki, ya tambayi mai gidana. Sai da zai tashi ya ce ko ina da tsofaffin maɓallai da ba na so. Na juye masa kwalba guda, na ƙara da ƙyallaye da guntayen zare mai kauri.

Murfin gwangwanin sukari ya manne shi da maɓallai, na gishiri ya jera masa murafen kwalba, na ganyen shayi ya naɗe shi da igiya. Yanzu da hannu Inna take karanta kicin ɗinta. Abin da bai zata ba shi ne za ta shiga aikin. Ta ce maɓallan da ya jera ba su da tsari, manya da ƙanana a cakuɗe kamar taron kasuwa. Sai ta karɓi kwalbar, ta baje a faranti, tana ware su da yatsa. Daga nan kullum da hantsi za ka same su a inuwar tsakar gida, shi da burushi, ita da faranti a cinya. Matan layi suka fara kawo nasu, wannan tsohon tire, waccan fitilar da ta mutu, su koma da abin ajiye cokula ko tukunyar fure. Komai sai ya bi ta hannun Inna kafin ya fita. In ta shafa ta ji kaushi, sai ya koma.

A irin wannan zama ne na shigo na same su, ban yi sallama da ƙarfi ba, na ji tana cewa, "Malam, wai duk wannan fentin na zaman banza ne?"

"Na zaman banza ne, Innar yara."

Ta juya wani maɓalli a tafin hannunta. "To Allah ya saka wa zaman banza da alheri. Ka gaya wa yaran su karɓo mini ranar aikin. Na gaji da jin ana dariyar tsuntsayenka ban gan su ba."

Idon dama aka fara yi. Baba ya ƙi zama a ɗakin jira, ya tsaya a baranda yana karanta fentin bangon asibiti kamar an ba shi kwangila. Da aka cire bandeji muka dawo da ita gida, ni a hagu, yayana a dama. Ta tsallake dokin ƙofa ta tsaya cak. Ta dubi kujerar, ta dubi butar, ta leƙa kicin inda ja da shuɗi da kore suke ta gasa a kan kanta. Ta daɗe tana kallo. Can sai kafaɗunta suka fara girgiza, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma sun zo.

"Ashe a shagon alewa nake karɓar baƙi, babu wanda ya gaya mini," in ji ta.

Baba ya sosa ƙeya, ya ce in ba ta so, kafin jibi zai mayar da komai kala ɗaya mai hankali. Ta ce wanda ya taɓa mata ko cokali ɗaya su haɗu. Sannan ta juyo ta dube shi sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi masa ba, ta ce yaushe ya yi wannan furfurar ba da saninta ba.

Bayan 'yan watanni aka yi ɗaya idon, shi bai washe kamar na farko ba, amma tana ganin gabanta, tana zura zare a allura in da rana. Tarin Baba yana nan, yana tashi lokacin sanyi ya kwanta. Aikin tsakar gida bai tsaya ba, sai dai yanzu da ta samu ido gardama ta ƙaru, don ta ce hannunsa ya yi nauyi a kan ja, shi kuma ya ce wadda ta fara ganin launi jiya ba za ta koya masa sana'a ba.

Da na samu ciki na fari, suka ciro aljihun wata tsohuwar durowa za su yi wa jaririn gado. Baba ya goge katakon har ya yi santsi, Inna ta ɗinka katifa da ƙyallayen shagona. A kan launi suka kasa shiryawa, ita tana son kore, shi yana son ruwan sararin sama, aka kai ƙara gabana na ce ba ruwana. A ƙarshe kowa ya ɗauki gefe biyu ya shafa nasa. A ciki 'yata ta yi barcinta har ƙafafunta suka fara taɓa katako.