Malam Maharazu da Ƙwallo Mai Jar Agwagwa

Gari na wayewa Malam Maharazu yake hawa kekensa ya nufi magudanar da ke kai ruwa gonakin Bunkure. A kan gada zai tsaya, ya zaro wani farin ƙwallo daga aljihu ya jefa a ruwa, ya bi shi a ƙafa yana jan carbi. In ƙwallon ya isa turken siminti a ƙwaya ta sittin da shida, ruwa na tafiya daidai. Tun 1972 yake wannan aiki na auna gudun ruwa, bana shekara bakwai ke nan.

Ƙwallon golf ne, wasan nan na Turawa. Wani injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa dozin guda. Bai kai ƙwan kaza ba, jikinsa duk 'yan ramuka, ga hoton jar agwagwa a gefe. Sauran ƙwallayen golf nutsewa suke yi. Wannan kuwa rabinsa a ruwa yake tafiya, iska ba ta kaɗa shi yadda take kaɗa kara ko sakaina.

To, ka san mutanenmu. Mutum ya jefa abu mai kama da ƙwai a ruwa da sassafe, bakinsa na motsi, me za a ce? Aka ce tsafi ne. Shi ma gwanin zargi ne, ko gaishe shi ka yi sau biyu sai ya tambaye ka me kake nema. Da ƙwallayen suka fara ƙarewa ya je kanti a Kano, aka ce kamfanin ya daina yin irinsu. Wani ɗan kasuwa ya kawo masa wasu har gida yana rantse-rantse wai irinsu ne. Malam ya kankare agwagwar da farce, fenti ya fita, ya zuba su a bokiti, duk suka nutse.

A ranin 1977 tumatirin manoman ƙarshen magudana ya fara yaushi. Iya Binta, wadda da gonarta take riƙe da marayun ɗanta, ta kai ƙara gaban dagaci, ta ce ƙwan Maharazu ne yake sallama wa aljanu ruwansu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ƙwallo biyu suka rage masa a duniya, amma ya roƙi dagaci da jama'a su biyo shi. A gada ya jefa ɗaya, sai a ƙwaya ta casa'in ya isa turke, alamar ruwa ya ragu. Ya tsamo shi, ya ja su can sama da gada, ya sake jefawa. Ƙwallon ya yi tafiya, ya karkata gefe, ya yi juyi, ya shige cikin ciyawa bai fito ba. Da aka buɗe ciyawar sai ga bakin bututu an binne, ya nufi gonar wani mai hali da ya fi kowa yaɗa zancen tsafin.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam, "ga aljanin naku."

An toshe bututun, ƙwallon ya tafi ke nan. Kwana uku ruwa ya isa gonar Iya Binta. Da ta kai masa kwandon tumatir tana neman gafara, sai da ya juye shi ya duba na ƙasa, sannan ya ce ya yafe.

Malam Maharazu, kai ne ba ka yarda da baki sai ka gwada. Mun zage ka a bayan ido, kai kuwa kana gadin ruwanmu. Yanzu za ka ajiye aiki da ƙwallo ɗaya tak a aljihu, kuma babu inda za a sayo wani. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Wanda zai gaje ka, muna roƙonsa ya gaji rashin yardar nan taka. In ya zama mai saurin yarda, Iya Binta ce za ta fara ganewa, a gonarta.