Ranar da na tare wa Yaya ƙofa

Ni fa tun farko ban yarda da jarrabawar nan ba, har yanzu kuma da saura.

'Yata ta fari tana aiki a wani kamfanin casar shinkafa, inda kwamfuta ke juya injina. Ta ce mini ɓarayin zamani daga wata ƙasa suke kutsowa ta intanet, su tsayar da inji ko su ƙona shi. Akwai takardar shaida ta masu tare su, sai an ci jarrabawa ake ba da ita, in ba ta samu ba wani za a ɗora a kujerarta. Na ce to, Allah ya taimaka, a Zariya za a rubuta ko a Kaduna? Ta ce ta intanet ne, a ɗakina, nan Makarfi, don nan ne sabis ya fi ƙarfi.

Ranar, da hantsi, ta buɗe kwamfuta, sai ga muryar namiji yana Turanci. Wai shi ne mai sa ido, shi yana ganinmu, mu ba ma ganinsa. Ya sa ta zagaya da kyamara: bango, bayan ƙofa, har ƙarƙashin gadona! Sannan ta ɗaga gefen hijabi ya duba kunnenta. Ikon Allah! Mai jarraba mutane a kan tsaro ne zai fara da leƙen ɗakin mutane?

"Umma, ki tsare ƙofa," in ji ta. "Ko leƙowa wani ya yi, an soke jarrabawar."

Na ja tabarma na zauna, zuciyata ba daɗi. Can sai ga sallamar Yaya, wan marigayi mijina, daga Likoro. Shi ke riƙe da mu tun rasuwar. Muna cikin gaisawa muryar nan ta sake tashi a ciki. Fuskarsa ta sauya.

"Wane ne a ɗakin?"

Na yi bayani iya iyawata. Ni kaina da nake faɗa, ban ji maganar ta zauna ba.

"Ke kin san shi?"

"Ban san shi ba, Yaya."

"To matsa."

Wallahi duk abin da yake zargi, ni ma ina zarginsa. Amma na ga yadda yarinyar nan ta rame a kan karatun. Na miƙe na dafa ƙyauren.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba za ka shiga ba."

Ban taɓa musa masa ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya sa takalminsa ya tafi, ko ruwan da na kawo bai sha ba.

Ta ci jarrabawar, aikinta ya tabbata. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na aika masa da albishir, ba amsa. Da kaka ya aurar da autarsa, dangi kaf suka hallara a Likoro. Mu a bakin maƙwabta muka ji.